Siririyar Wayar da Aka Zare

Ina da cikin wata huɗu na ɗana na biyu a bazarar da batura suka fara kumbura a ofishinmu. A ƙarshe-ƙarshen shekarun tamanin ne, lokacin ina aiki a wani ƙaramin ofishin rabon ruwan noman rani da ke gefen babban kanal, wato magudanar siminti mai kai ruwa gonaki, tsakanin Kura da Bunkure. Ni kaɗai ce mace a wurin. Don buga tafireta aka ɗauke ni, na kuwa shekara uku ina buga wasiƙu da takardun hutun ma'aikata, har ranar da aka sauke wasu kwalaye daga bayan mota aka ce kwamfuta ce. Tunda yatsuna sun riga sun saba, aka ce ni zan zauna a gabanta.

Wani matashin injiniya ne ya harhaɗa ta, ɗan wajen Kumbotso, siriri mai magana a hankali. Wata biyu ya yi yana zuba mata lissafi: girman kowane yanki na gonaki, abin da aka shuka a cikinsa, da yawan ruwan da kowace ƙofa ke iya saki. Aikina shi ne duk mako in shigar da awon ruwan da ke cikin kanal, in danna mata umarni, ta yi kamar minti goma sha biyar tana tunani, sannan ta fitar da jadawalin da ke nuna ƙofar da za a buɗe, ranar da za a buɗe ta, da awannin da za ta yi a buɗe. Ranar Alhamis masu tsaron ƙofofin ruwa kan zo a kan kekuna, kowa ya karɓi takardarsa. Kafin zuwan kwamfutar mutum uku ne ke wannan lissafi da hannu. Shekara ba ta zagayo ba ɗaya ya yi ritaya, biyu aka mayar da su wasu ofisoshi, ya zamana babu wanda ya san rabon ruwan ƙauyuka da dama sai na'urar da ke kan teburina.

A ƙarƙashin teburin akwai wani akwatin ƙarfe ruwan toka, mai nauyi kamar an cika shi da duwatsu. Wayoyi masu kauri sun fita daga bayansa zuwa batura huɗu irin na babbar mota, waɗanda aka jera a kan benci a gindin taga. Idan aka ɗauke wuta, akwatin kan karɓi aikin nan take, kwamfuta ko ƙiftawa ba ta yi, sai dai ya riƙa wani ɗan kuka jefi-jefi. Idan baturan suka kusa ƙarewa sai kukan ya koma sauri-sauri. A nan ne wata siririyar waya, wadda ba ta kai kaurin igiyar takalmi ba, take kai saƙo daga akwatin zuwa kwamfutar. Da saƙon ya isa sai kwamfutar ta dakatar da abin da take yi, ta adana lissafinta, ta rufe kanta da kanta. Aikin da ke hannu ya tafi, sai an sake daga farko, amma abin da Injiniya ya zuba mata yana nan lafiya.

Ya bayyana mini dalili sau da yawa. Ya ce idan wuta ta yanke mata tana tsakiyar rubutu a faifan da take adana komai, tamkar an fizge wa malami takarda ne alƙalami na kai, abin da ya rubuta jiya ma zai iya yagewa. Ya koya mini duba ruwan batir duk Litinin, ya ce kada a zuba kowane ruwa sai tataccen da ake sayowa a kwalba, ya ce kullum tagar nan ta kasance a buɗe saboda batir na numfashi in yana caji, iskar da yake fitarwa kuma in ta taru ɗan tartsatsi ya isa ya tashe ta. Ya rubuta duk wannan a jikin kwali ya manna a bango.

"In ta ce za ta kwanta, ki bar ta ta kwanta," in ji shi. "Kada ki ja da ita."

Wanda ke kula da duk abin da ya shafi wuta a ofishin wani dattijo ne, kowa Baba mai wuta yake kiransa. Mutumin Bunkure ne, ya yi ƙuruciyarsa a garejin manyan motoci, kuma yana ganin babu abin da wani yaro zai koya masa game da batir. Yana shaƙar garin taba tun kafin a haife ni, har hancinsa ya daina jin komai. Shi da bakinsa yake faɗa yana dariya, wai ko mushe aka ajiye a ƙarƙashin gadonsa sai ƙudaje sun gaya masa. Yana ji da ni. Duk ranar da ya biyo ta wajen masu rake sai ya yanko mini gaɓa biyu ya ajiye a bakin tebur ya wuce. Da Injiniya kuwa gaisuwa ce kawai, sai in ya juya baya Baba ya ce da ni, ilimin takarda daban, na hannu daban.

Shekarar farko lafiya lau muka yi. Baturan kan riƙe mu fiye da minti ashirin, lissafi ya kammala, takardu su fita. Daga nan aka tura Injiniya kwas na wata shida can kudu. Ranar da zai tafi ya tsaya ya daɗe yana kallon bencin batura, ya ce ya rubuta a sayo sababbi kafin zafi, in riƙa tuna wa shugaban ofis. Na tuna masa sau uku. Kowane karo sai ya ce takardar na sama, ana jiran sa hannu.

Azumin shekarar a tsakiyar bazara ya faɗo. Daminar da ta gabata ba ta yi albarka ba, saboda haka aka rage ruwan da ake sakowa daga madatsa, har wani farin layi ya bayyana a jikin simintin kanal, yana nuna inda ruwa ke kaiwa a da. Wuta kuma ta lalace. Da rana takan zo ta yi minti biyar ko bakwai ta koma, wani lokacin ta zo rabi-rabi, fanka na juyawa kamar mai ciwon baya. Janaretan ofis ya daɗe da mutuwa ana jiran kayan gyara. Na'urar sanyaya ɗakin kwamfuta ita ma ta bi shi, ɗakin ya koma kamar tanderu.

Na saba duk sanda aka ɗauke wuta in dubi agogon hannuna, in rubuta da fensir a ƙasan kwalin Injiniya mintocin da baturan suka riƙe. A farkon zafin sha takwas na rubuta. Mako biyu bayan haka sha uku. Ran da na rubuta tara sai da na sake duba agogon, na kai shi kunne in ji ko yana tafiya.

A tsakanin nan ne kwalbar tataccen ruwa ta ƙare. Na je sito aka ce babu, sai an shiga Kano. Washegari Baba ya shigo da buta, ya ce ruwan rijiya ne ya tafasa ya tace da ƙyalle, haka suke yi a gareji tun zamanin da. Na nuna masa kwalin bango. Ya dubi kwalin, ya dube ni, ya ce, "'Yar nan, batir da ƙishirwa ai gara batir da ruwan rijiya." Gaskiya kuwa ruwan ya yi ƙasa har farantan ƙarfen da ke cikin batir sun fito. Ni na riƙe masa mazurari ya zuba.

Alhamis ta farko da muka kasa fitar da jadawali, sau huɗu na fara, sau huɗu wuta na tafiya, akwatin ya yi kukansa na sauri, kwamfutar ta rubuto mini cewa za ta rufe, fuskarta ta yi baƙi. Shugaban ofis ya ce a bai wa masu ƙofofi takardar makon jiya. Alhamis ta biyu ma haka aka yi. To, takardar makon jiya an yi ta ne a kan ruwan da ya fi na yanzu yawa. Ƙofofin farko suka ci gaba da shan rabonsu cikakke, abin da ya rage ya bi kanal yana raguwa, kafin ya kai gonakin ƙarshe ya zama laka. Shugaba ya yi maganar in riƙa kwana a ofis ko za a dace da wutar dare. Maigidana, wanda malamin firamare ne a Kura, ya ce wannan kam ba da matarsa ba, kuma babu wani a ofishin da ya iya taɓa na'urar.

Akwai wata tsamiya a gaban ofishin, daidai saitin tagar ɗakina. Wata Litinin na zo na tarar da mutum shida a ƙarƙashinta, manoman ƙarshen kanal. Sun shiga sun ga shugaba, ya ba su haƙuri, suka fito suka zauna. Ba su tafi ba sai da aka tashi aiki. Talata suka zama goma sha wani abu. Zuwa ƙarshen mako na daina ƙirga su. Ba sa hayaniya, kuma wannan shi ya fi damun mu. Ga azumi a bakinsu, ga rana, su jingina kekuna da fartanyoyi a jikin bishiya, su zauna suna kallon ginin. In lokacin salla ya yi su yi alwala a kanal, su yi sahu, su idar su koma mazauninsu. Akwai Fulani biyu ko uku a cikinsu, waɗanda suka zauna a yankin suna noma da kiwo, shanunsu na shan ruwa a ƙananan magudanan da suka ƙafe. Wata safiya muka tarar da tushen tumatir guda, an tuge shi da saiwarsa, ganyen ya yi yaushi, 'ya'yan ƙanana sun motse, an kwantar da shi a kan matakalar shiga ofis. Babu wanda ya ɗauke shi. Kowa tsallake shi yake yi, har ya bushe a wurin.

Kawuna na cikinsu, ƙanin mahaifiyata, wanda a gidansa na tashi bayan rasuwar mahaifina, kuma shi ya tsaya kai da fata sai na yi makaranta. Yana da 'yar gona a can ƙarshe, ya zuba albasa da masarar rani. Kullum in na zo wucewa nakan durƙusa in gaishe shi, ya amsa a taƙaice kamar bai so a san alaƙarmu. Rana ɗaya kawai ya tsayar da ni. Ya yi ƙasa da murya ya ce mutane na cewa injin da ke ciki ne ya hana su ruwa, kuma an san ni ke zaune a gabansa.

"Ni ina tare su iya ƙarfina," in ji shi. "Amma yunwa ba ta san kawun kowa ba. In akwai abin da za ki iya, ki yi."

Shugaban ofishin namu ba mugun mutum ba ne. Mutum ne mai tsoro, ga shekara biyu kacal suka rage masa ya ajiye aiki, ba ya son sunansa ya fito a wata rigima. Ya daina ajiye motarsa a gaba, ya koma shigowa ta baya. Ranar da ya shigo ɗakina ya ga idanun mutanen tsamiya a kanmu ta taga, sai ya sa masinja ya rufe ta, ya sa sakata, aka rataya tsohon labule. Na ce ranka ya daɗe, Injiniya ya ce a bar ta a buɗe. Ya ce Injiniya na can yana shan iskar teku, shi ne a nan.

A ranar ne ya kira Baba suka yi shawara a gabana. Baba ya ce cajar da ke cikin akwatin ba ta da ƙarfi, shi ya sa batura ba sa cika a ɗan lokacin da ake samun wuta. Akwai babbar caja a garejin taraktoci, in aka jona ta kai tsaye za ta cika su cikin awa biyu. Shugaba ya ce a ɗauko. Sannan ya tambaye ni, in kwamfutar ta rufe kanta, baturan sun mutu ke nan ƙurmus? Na ce a'a, akwai ɗan saura, da gangan aka yi ta rufe da wuri. Ya ce saura na minti nawa? Na ce ban sani ba. Ya tambayi yadda take sanin lokacin rufewa, ni kuma na nuna masa siririyar wayar. Har yau ina tuna yatsana a kanta.

"A cire ta," ya ce. "Minti biyar muke nema. Ba za a ƙone mana ofis saboda wata igiya ba."

Na ce masa in ta mutu tana rubutu komai zai iya lalacewa. Ya ce in ta gama lissafi kafin ta mutu fa? Ni ma abin da zuciyata ke raya mini ke nan, ga kuma maganar Kawu. Amma na kasa kai hannu. Baba ne ya sunkuya ya kwance 'yan kusoshinta biyu, ya naɗe ta a yatsunsa, ya jefa a aljihun teburina.

Tun daga washegari na fara jin warin. Da na buɗe ƙofa da safe sai ya doke ni, warin ruɓaɓɓen ƙwai, da wani ɗaci-ɗaci da ke kama maƙogwaro. An bar babbar cajar a jone, duk sanda wuta ta zo cikin dare tana aiki a rufaffen ɗaki. Na kira Baba, ya shaƙa ya shaƙa ya ce shi bai ji komai ba. Na kira masinja, ya ce akwai ɗan wari amma wataƙila ɓera ne ya mutu a silin. Shugaba ya yi murmushi ya ce matarsa ma in tana laulayi har warin ruwan randa take ji. Daga nan maganar ta zama abin tsokana, ni kuma kunya ta hana ni ƙara tayar da ita.

Amma akwai abin da ba hanci ke gaya wa mutum ba. In ɗakin ya yi tsit ina jin baturan na ɓararraka a hankali, kamar tukunyar da aka rage wa wuta. Na taɓa jikin ɗaya na janye hannu saboda zafi. Na biyu daga hagu gefensa ya turo, ya yi tulu kamar cikin akuyar da ta ci rogo, wani farin gari ya taru a kan kusoshinsa. Baba ya ƙwanƙwasa shi da bayan sukudireba ya ce ƙoshi ne. Na lura dai bai ƙara jingina da bencin ba in ya shigo.

A gida na gaya wa maigidana muna shan ruwa. Ya ajiye kofin kunu ya ce gobe kada in je, ya rubuta mini takardar rashin lafiya. Na ce gobe Alhamis, in aka sake ba da tsohuwar takarda karo na uku ban san abin da zai faru a gindin tsamiyar nan ba, kuma Kawu na tsakiya. Daga baya ya ce to in bar ƙofar ɗakin a buɗe, in na ji abin da ban gane ba in fita, ko me ake ciki.

Ranar Alhamis ɗin muka wayi gari da wuta, an ce tun tsakar dare take. Ɗakin ya yi zafin da bangon ma ɗumi yake. Na sa kujera na tokare ƙofa. Mutanen tsamiya sun fi na kullum, har sun malalo bakin hanya, masu ƙofofi kuma na tsaye gefe guda riƙe da kekunansu, ba su shiga cikinsu ba, ba su kuma shigo ofis ba. Na shigar da awon ruwa, sau biyu ina kuskure ina gogewa. Wajen ƙarfe goma na danna umarni. Shugaba na tsaye a bakin ƙofa, Baba na tsugune kusa da benci.

Minti huɗu da farawa fanka ta tsaya. Akwatin ya soma kukansa na jefi-jefi. Ina kallon agogo, ina kallon ɗan ɗigon da ke ƙiftawa a fuskar kwamfuta. A minti na goma sha ɗaya kukan ya koma sauri-sauri. A nan ne ta saba rubuto mini sallamarta, amma yau babu mai gaya mata, sai ta ci gaba da aikinta. Sha biyu. Sha uku. Shugaba ya matso ya dafa bayan kujerata. A sha huɗu da wani abu ɗan jan hasken da ke nuna tana rubutu a faifai ya kama, wato ta gama lissafi tana adanawa. Na ji shugaba ya ce alhamdu lillahi ƙasa-ƙasa.

Sai rubutun fuskar ya fara rawa, yana tsukewa yana buɗewa. Kukan akwatin ya haɗe ya zama ɗaya dogo. Baba ya ce kan batir ɗaya ne ya yi sako-sako, yana ganinsa, bari ya ɗaure. Ya zaro sifana daga aljihu. Daidai lokacin warin ya taso mini gaba ɗaya, na ji amai na zuwa, na ture kujera na bi ta gefen shugaba na fita da gudu, hannu a baki. Na kai bakin baranda ke nan na sunkuya, na ji ƙarar a bayana, kamar an fasa tayar babbar mota. Gilashin tagar ya zubo waje. Tsuntsaye suka tashi daga tsamiya.

Abin da na fara gani da na ɗago shi ne mutanen nan duka sun miƙe sun nufo mu. Na ce a raina shi ke nan, ranar da ake tsoro ta zo. Shugaba ya fito yana tangaɗi, rigarsa ta jiƙe a kafaɗa, ya manne da bango. Suka wuce shi, suka wuce ni, suka shiga ɗakin. Can suka fito da Baba a hannu, ya rufe fuska da tafukansa, jini na bin tsakanin yatsunsa, gaban rigarsa duk ruwan batir. Ba ya ihu, salati kawai yake yi.

Kawu ne ya ce a kai shi kanal. Suka gangara da shi ta matakalar siminti har bakin ruwa, suka kwantar da shi, suka yage rigar. Wani Bafulatani ya ciro ƙwarya daga jakarsa, wasu suka yi amfani da hulunansu, aka yi ta kwara masa ruwa a fuska. Mutum biyu suka danne hannayensa, Kawu ya buɗe masa idanu da yatsu yana cewa a zuba, kada a tsaya. Ina tsaye a sama ina kallo. Baba ya datse leɓɓansa gam, yana kawar da kai, sai daga baya na gane wai kada ruwa ya shiga bakinsa ya karya masa azumi. Sun fi minti ashirin a haka. Wani ya tare a-kori-kurar wani dillalin tumatir da ta fito daga Kadawa, aka sauke kwanduna a gefen titi, aka shimfiɗa buhuna, aka ɗora shi sai Kano.

Ban koma ɗakin ba sai bayan kwana biyu. Batir na biyu daga hagu ya tsage gida uku, murfinsa ya huda silin. Ruwansa ya ci labule, ya ci rabin kwalin Injiniya, ya ɓata bayan kujerata daidai inda wuyana ke kaiwa. Kwamfutar ba ta ƙone ba. Da aka samu wuta na kunna ta, ta tashi, amma da na nemi lissafin gonaki sai ta zubo mini wasu alamomi marasa ma'ana, shafi bayan shafi. Akwai kwafin da Injiniya ya bari a ƙananan faifai, sai dai na kafin noman bana ne, amfanin gonar da ke ciki duk ya canza.

Sauran makonnin da hannu muka yi rabon. Aka aika aka ɗauko tsohon ma'aikacin nan da ya yi ritaya daga Madobi, ya zauna a baranda da masu ƙofofi da dattawan manoma, suna gardama suna zane a ƙasa, ni ina bugawa a tsohuwar tafireta. Ruwa ya kai ƙarshen kanal bayan kwana biyar. Albasa ta ɗan farfaɗo, tumatir da masara kuwa lokaci ya riga ya wuce. Kawu bai cire ko kuɗin taki ba a shekarar, kuma bai taɓa yi mini maganar ba har ya bar duniya.

Idon Baba na dama ya tafi. Na hagun likitoci suka ce wankin da aka yi masa da wuri ne ya cece shi.

Bayan salla shugaba ya miƙo mini rahoton da za a aika sama, rubuce da hannunsa. A ciki an ce baturan sun tsufa, an nemi sababbi tun tuni ba a samu ba, zafin bazara ya yi yawa, sai ɗaya ya fashe. Duk gaskiya ne. Babu maganar taga, babu babbar caja, babu waya. Na karanta sau biyu, na dube shi, ya ce in buga kwafi uku, kafin azahar. Na buga.

Da Injiniya ya dawo, ya shiga ɗakin ya zagaya, ya leƙa bayan kwamfutar, ya tambayi inda wayar take. Na buɗe aljihun tebur na miƙa masa. Ya tambaye ni wa ya cire. Na ce ya tambayi manya. Ya je har Bunkure ya samu Baba, Baba ya ce masa shi ya cire da ra'ayin kansa, babu wanda ya sa shi. A kan haka maganar ta tsaya. Aka sallami Baba daga aiki saboda lafiya, da ɗan abin da ya samu, shugaba kuma ya cika shekarunsa biyu ya tafi da takardar yabo.

Na je gaishe da Baba ana saura 'yan makonni in haihu, maigidana ya kai ni a babur. Muka same shi a zaure, an ɗaure masa ido da farin ƙyalle, fatar kuncinsa ta yi dabbare-dabbare, ya baje cikin wata rediyo a kan tabarma yana karkata kai yana dubawa da ido ɗaya. Bayan gaisuwa na tambaye shi me ya sa ya ɗauki laifin shi kaɗai. Ya ce in ya ambaci shugaba, shugaba zai ce ai wadda ta san na'urar ce ta nuna masa wayar, ni kuma ga ciki, ga aiki ina buƙata. Na fara kuka, ya ce in bari, ba kyau ga mai juna biyu. Sannan ya roƙi maigidana ya duba masa wani ɗan kusa da ya faɗi a tabarma tun safe ya kasa gani. Muka duƙa mu biyu muna lalube, muka daɗe kafin maigidana ya samo shi a cikin saƙar tabarmar.